Nora Roberts ko J.D. Robb: da wanne za ki fara, tunda duk mutum ɗaya ce?

Wata ƙawata ce ta turo min saƙo wajen sha ɗayan dare, wai ta gaji da jin ina zuzuta matar nan kullum, in faɗa mata sunan littafi ɗaya tak da za ta fara da shi kar in cika ta da surutu. Na rubuta suna na goge, na sake rubuta wani na goge, ƙarshe dai na ce mata ta bari sai da safe, dan wallahi tambayar ba ta da amsa ɗaya. Matar nan gida biyu gare ta, kuma masu karanta ta sun daɗe da rabuwa, kowa na ganin nasa ɓangaren ne na gaske ɗayan kuma cikon benci ne. Ni na zauna a gidajen biyu, to bari in baje muku yanda na gan su.

Ga wacce ba ta san ta ba, Nora Roberts Ba'amurkiya ce, haihuwar 1950. A 1979 dusar ƙanƙara ta kulle ta a gida da ƙananan 'ya'yanta maza biyu, ba fita ba makaranta, shi ne ta ɗau biro ta fara rubutu dan kar kanta ya buga. Littafinta na farko ya fito a 1981, yanzu kuwa sun haura 200 da nisa. Saurin rubutunta ne ya jawo suna na biyu, masu buga mata suka ga ba za su iya zuba wa kasuwa wannan uban littattafai da suna ɗaya ba, sai a 1995 ta fito da sunan J.D. Robb, haruffan biyu na farko daga sunayen 'ya'yan nata ta ɗauko. Sai a 2001 aka fito fili aka ce ai duk ita ce, kodayake masu ido sun riga sun harbo jirgin tun kafin nan.

To gida na farko shi ne littattafan da take sa wa sunanta na ainihi, masu cin gashin kansu, soyayya haɗe da kisa ko farauta ko wani tsohon sirri, ki fara a shafin farko ki gama a na ƙarshe shikenan kun rabu da mutanen ciki. Gida na biyu shi ne mai dogon zango na J.D. Robb, wanda kusan kowane suna yake ƙarewa da In Death, labarin Laftanar Eve Dallas 'yar sandan binciken kisa a birnin Niyok na shekarar 2058 da mijinta Roarke. Akwai kuma gida na uku, masu zuwa uku-uku ɗin nan da mayu da tsafi da fatalwa, su ba da su nake ba yau, kar ki je ki ɗauko ɗaya ki zo kina cewa na yaudare ki.

Abun da ya fi raba masu karatu, kuma shi na fi so ki tsaya ki tambayi kanki, shi ne wace irin soyayya kike nema. Akwai mai karatun da duk daɗin littafi a wajenta yana cikin wannan lokacin na kallon-kallo, ana so ana kaiwa kasuwa, shi ya matso ita ta ja baya, ta ce ba ta buƙatar kowa alhali mu da muke karantawa mun san ta faɗa tun shafi na 80. In ke ce wannan, littattafan Nora masu zaman kansu ne naki, dan kowane littafi sabon kallon-kallo ne daga tushe. Ɗauki The Witness na 2012, wanda aka tallata a matsayin littafinta na 200. Yarinya 'yar shekara 16 mai shegen ƙwaƙwalwa, uwarta likita ce da ta raine ta kamar wani gwaji, ita ke zaɓa mata tufa da abun da za ta karanta da wanda za ta kula, rana ɗaya tak ta yi tawaye ta fita yawon dare sai ga shi an yi kisa a gaban idonta, kuma 'yan mafiyar Rasha ne. Bayan shekara 12 sai mu same ta da wani suna a wani ɗan ƙauye, ita da ƙaton karenta da bindigogi da kyamarori ta ko'ina, ba ta gaisawa da kowa. Sai ga shugaban 'yan sandan garin, wani mai haƙurin tsiya da naci, ya ƙi barin ta ta sha iska. Yanda matar nan take magana kamar kwamfuta, komai sai ta kawo hujja, shi kuma yana ta lallaɓa ta har ta koyi zama da mutane, wallahi nan ne littafin ya kama ni, har na manta da 'yan Rashan na wani lokaci. Irin wannan narkewar a hankali, daga baƙo zuwa masoyi, shi ne jarin wannan gidan.

A wajen Eve da Roarke kuwa wannan matakin gajere ne sosai. A littafin farko, Naked in Death, suka haɗu, shi yana cikin waɗanda ake zargi ma, dan jikar wani sanata aka kashe da tsohuwar bindiga a zamanin da an haramta bindiga, shi kuma biloniya ne mai tara tsofaffin makamai. Zuwa ƙarshen littafi na uku an ɗaura aure. To sauran littattafai sama da 50 fa? Zaman aure ne. Nan ne wasu ke ajiye littafin su ce an gama da su, tunda an yi aure me ya rage, wasu kuma nan ne suke gyara zama. Ni ina cikin masu gyara zama, kuma zan faɗi dalili. Littattafan soyayya kusan duka a bakin ƙofar aure suke sauke mu, ba a nuna mana me ya faru da aka rufe ƙofa. A nan kuwa za ki ga mace da ta taso ba ta san gata ba, an tsince ta tana shekara 8 a wani lungu a garin Dallas ba ta ma san sunanta ba, shi ya sa aka laƙaba mata sunan garin, ta auri mutumin da ya mallaki rabin duniya kuma kuɗin nasa kunya suke ba ta da haushi. Shi kuma ya taso yana yankan aljihu a titunan birnin Dabulin na ƙasar Ailan, doka a wajensa shawara ce, ita kuwa doka ce ta rufa mata asiri ta mai da ita mutum. Suna faɗa na gaske, ba irin na rashin fahimtar da kalma ɗaya za ta warware ba, faɗa a kan inda iyakar daidai take, kuma wani lokacin littafi zai ƙare ba wanda ya ci. Akwai wani maɓallin rigarta da ya faɗi a farkon haɗuwarsu ya tsince, har yau yana aljihunsa, duk sanda aka ambace shi bayan littattafai 20 ko 30 sai ki ji wani abu ya tsaya miki a maƙogwaro. Littafi ɗaya tilo ba zai iya ba ki wannan ba komai kaurinsa, sai an daɗe tare.

Amma fa in faɗi gaskiya, masu ƙorafi a kan Roarke ba su yi ƙarya ba. Mutumin ya cika kammala. Ya fi kowa kuɗi, ya fi kowa kyau, ya fi kowa iya kwamfuta, ya iya faɗa, ya iya buɗe kowane kwaɗo, duk ginin da aka yi kisa a ciki sai a duba a ga ai nasa ne, tun abun yana ba ki dariya har ya fara ba ki haushi. Mazan ɗaya gidan sun fi kama da mutanen da za ki iya haɗuwa da su, makanike ne, kafinta ne, marubuci ne mai baƙin rai, ɗan sandan da rayuwa ta daka ya gudu ƙauye kamar na littafin Northern Lights da ya tattara ya koma wani ɗan gari a Alaska. In ke mai son jarumi ya zama yana da datti a farce ce, kin san inda za ki nufa.

Sai maganar sarƙaƙiyar kanta, wato ɓangaren da ke hana barci. Nan ma hanya ta rabu. A littattafan J.D. Robb binciken ne ƙashin bayan labari, ana buɗewa da gawa, a je ɗakin ajiye gawa a ji me likita ya gani, a bi shaidu, a kafa allo a manna hotuna, a yi ta tankaɗe da rairaya har a kai ga ɗakin tambayoyi inda Eve ke matse mai laifi sai ya yi aman abun da ya haɗiye, kuma wannan zaman matsewar na ƙarshe ga masoyan jerin kamar ladan karatunsu ne. Soyayyar tana gefe tana tafiya, wani littafin ta samu kaso mai yawa wani kuma kaɗan. A ɗaya gidan abun a juye yake, rayuwar jarumar ce a gaba, haɗarin yana biyo ta a baya kamar inuwa. Sau da yawa ma marubuciyar tana shigar da mu cikin kan mugun tun da wuri, mu ji tunaninsa mu ga yana shiri, to tambayar ta tashi daga wane ne ta koma yaushe zai iso. Wasu na son haka dan fargabar ta fi yawa, kina kallon jaruma tana dariya ke kin san ana laɓe. Wasu kuma na cewa an fasa musu ƙwai da wuri, in ma an ɓoye sunan to mutanen garin ba su da yawa, mai wayo zai canka kafin rabi.

Wanda na ga ya fi riƙe sirrinsa a cikinsu shi ne Angels Fall na 2006. Mace ce mai dafa abinci da ta tsira ita kaɗai daga harbin da aka yi a gidan abincin da take aiki, ta fito da taɓuwar tsoro, ta yi ta yawo a mota har motar ta mace mata a wani gari cikin duwatsu. Rana ɗaya tana hawan dutse ta hango ta madubin hangen nesa wani yana shaƙe wata mata a tsallaken kogi, aka je ba gawa ba alama, kuma kowa ya san ba ta da cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, to wa zai yarda da ita? Sai aka fara taɓa mata kaya a ɗaki ana sauya musu waje dan ita ma ta fara zargin kanta. Wannan littafin na karanta shi ina duba sakatar ƙofa, ba wasa.

Yanzu bari in taɓo inda ke yi wa masoyan kowane ɓangare ciwo, maimaici. Duk wanda ya ce miki matar da ta rubuta littafi sama da 200 ba ta maimaita kanta to bai karanta da yawa ba. A gidan Nora ƙirar kusan ɗaya ce, mace mai sana'a da ta iya aikinta, tabo daga baya, sabon gari, tsohon gida da za a gyara, kare, namiji mai haƙuri da dangi masu son mutane, sai mugu. In kika jera uku a sati ɗaya sai sunaye su fara cakuɗe miki. Kuma tana da son bayanin sana'a da gyaran gida kamar me. The Obsession na 2016 ya buɗe da abun da ban taɓa mantawa ba, yarinya tana dab da cika shekara 12 ta bi babanta cikin daji da dare a zatonta kyautar da ya ɓoye mata za ta gano, sai ta tarar da wani rami da mace a ɗaure a ciki. Shafukan farkon nan numfashi da ƙyar. To bayan ta girma ta sayi wani ƙaton tsohon gida sai aka shiga zaɓen fenti da kujeru da katakon ƙasa, shafi bayan shafi, har na ji kamar in ce baiwar Allah a dawo kan maganar kisan mana. Masu karatu da yawa sun yi wannan kukan, wasu kuma suka ce su wannan gyaran gidan ne ma hutunsu, suna ganin mace tana gina wajen zamanta da hannunta bayan uba ya rusa mata na farko. Duka biyun suna da gaskiya, ya danganta da haƙurinki. Amma inda bayanin sana'ar ya yi daɗi ya yi daɗi fa, a The Search na 2010 na koyi yanda ake horar da karnukan neman waɗanda suka ɓata, a Blue Smoke na 2005 kuma yanda masu binciken gobara ke karanta toka su gane daga ina wuta ta tashi da ko hannu ne ya kunna ta.

Maimaicin J.D. Robb wani iri ne daban, na al'adun gida ne. Kullum sai Eve ta yi cacar baki da Summerset mai kula da gidan mijinta a bakin ƙofa, kullum sai an sace mata cakulan ɗin da ta ɓoye a ofis kuma har yau tana neman ɓarawon, kullum sai ta kwaɓa karin magana ta tsaya tana musu wai ba ta da ma'ana, ga ƙaton magen nan Galahad, ga son kofi na gaske dan a zamaninsu na gasken sai mai hannu da shuni, shi ne ma kyautar farko da Roarke ya aika mata ya sace zuciyarta. In kin shiga jerin waɗannan abubuwan kamar gaisuwar 'yan gida ne, in babu su sai ki ji wani abu ya ɓace. In kuma ba ki shiga ba za ki ce wai wannan barkwancin ba shi na karanta a littafin baya ba? Eh shi ne. Kuma da yawa daga tsofaffin masoya suna cewa littattafan farko sun fi zafi, na baya-bayan nan Eve ta warke da yawa, gida ya zauna lafiya, an koma aikin ofis. Ni ma na ga hakan, sai dai ban ɗauke shi aibi ba sosai, in mutum ya yi littafi 50 yana kuka a kan ciwo ɗaya ai sai mu ce marubuciyar ta hana shi warkewa dan ciniki.

Inda jerin ya yi wa ɗaya gidan fintinkau ba tare da gardama ba shi ne mutanen gefe. Peabody ta shigo a littafi na biyu tana ƙaramar 'yar sanda mai kaki, a gaban idonmu ta zama mataimakiya, ta ci jarrabawa ta zama mai bincike, ta yi saurayi, ta koyi mayar wa Eve da magana. Ga Feeney da ya koya wa Eve aiki ya zame mata uba ba tare da ɗayansu ya taɓa furtawa ba, ga Dakta Mira likitar ƙwaƙwalwa, ga Mavis ƙawarta mawaƙiya da suka haɗu ranar da Eve ta kama ta da damfara, ga Nadine 'yar jarida. Abun mamaki duk wannan tulin littattafan a cikin labarin shekara uku da ɗoriya ne kacal suka wuce, daga 2058 zuwa wajen 2061, mu muna tsufa su suna nan. A littafi mai zaman kansa kina fara sabawa da ƙanwar jarumi ko maƙwabciya mai ban dariya sai littafi ya ƙare, ba za ki sake jin ɗuriyarsu ba. Wanda ya ɗan cike wannan giɓin shi ne Montana Sky na 1996, 'yan mata uku uba ɗaya uwa daban-daban da ba su san juna ba, uban ya mutu ya bar wasiyya sai sun zauna tare shekara guda a gonar kiwonsa kafin su ci gado, to kin ga soyayya uku ke nan da rikicin 'yan ubanci a littafi ɗaya, ga kuma mai yanka dabbobi da mutane yana yawo.

Wata ƙawar tamu ta ƙi taɓa J.D. Robb shekara da shekaru dan an ce mata labarin zamani mai zuwa ne, ita kuma ba ta son tatsuniyar kimiyya. In wannan ne damuwarki ki kwantar da hankali. Eh akwai motoci masu tashi sama, akwai mutum-mutumi masu aikin gida, akwai na'urar da ke fito da abinci in an danna, akwai kurkuku a wajen duniya, amma duk ado ne, ba a tsayawa yi miki lacca a kansu. Kishi da kwaɗayi da ramuwa su ne ke kashe mutane a 2058 kamar yau. Abun dariya ma wasu abubuwan da ta hango a 1995 kamar waya mai nuna fuska yanzu suna hannun kowa, wasu kuma sun tsufa, har yanzu ana yawo da faifan diski a labarin.

Sai gargaɗi, dan ba na so a ce ban faɗa ba. Duka gidajen biyu na manya ne, akwai shimfiɗa a bayyane kuma ba a jiran aure, akwai ashar musamman a bakin Eve. Ta fuskar tashin hankali kuwa J.D. Robb ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Abun da uban Eve ya yi mata tana ƙarama ana dawowa kansa a mafarkanta littafi bayan littafi, kuma gawawwakin ana bayyana su dalla-dalla, wasu ƙararrakin na fyaɗe ne wasu na yara. In kin san irin wannan yana tsaya miki a rai, ki fara da ɗaya gidan, kodayake nan ma ki zaɓa da ido, Shelter in Place na 2018 da harbin kan mai uwa da wabi a katafaren kanti ya buɗe, ba abun karantawa ba ne ranar da zuciya ba ta da ƙarfi. Abu ɗaya dai da za ki riƙe, a littattafanta masu zaman kansu ba ta kashe miki masoya, duk wuya za su kai ƙarshe tare, wannan alƙawarin nau'in littafin ne gaba ɗaya.

Lokaci ma abun lissafi ne. Mai zaman kansa yakan kai shafi 450 zuwa 500, ki ba shi sati ɗaya ko biyu kin sallame shi, ba bashi a kanki. Na J.D. Robb ɗaiɗaikunsu sun fi gajarta amma na 50, Golden in Death, tun 2020 ya fito, kuma duk shekara ana ƙara guda biyu, to ki lissafa. Mutane na yawan tambaya ko dole sai an bi su a jere. Kowane littafi da ƙararsa da ake rufewa a ciki, za ki gane labari ko daga tsakiya kika ɗauka, amma ni shawarata ukun farko dole ne a jere, Naked, Glory, Immortal, dan a nan aka kafa komai. Kuma ki yi wa na farkon uzuri, rubutun 1995 ne, Roarke na ciki yana da wani isa da kutse da mai karatun yau za ta ɗaga gira, daga baya ne aka sassaƙe shi. Bayan ukun nan in ba ki ji kina son sanin me zai faru da Peabody ba to ki haƙura, jerin ba naki ba ne, kar ki wahalar da kanki. In kuwa kin fi son saurare da kunne, Susan Ericksen ce ke karanta jerin a odiyo tun da daɗewa, har wasu ba sa iya jin muryar Roarke sai da harshen da ta ba shi.

Wani abu da ke dagula wa sabon shiga lissafi a duka ɓangarorin, tana tsalle daga kan wannan zuwa kan wancan a cikin fage ɗaya, yanzu kina cikin tunanin mace layi na gaba kin koma na namiji ba sanarwa. Malaman rubutu na hana haka, ita ko a jikinta. Shafi 30 na farko zai dame ki daga nan ki daina lura. Kuma dan Allah kar ki auna ta da finafinan talabijin da tashar Lifetime ta yi daga littattafanta a 2007 da 2009, an matse shafi 500 cikin awa ɗaya da rabi, duk naman an zubar an bar ƙashi.

Akwai wani littafi ɗaya da ke tsaye a kan katanga, Remember When na 2003, sunayen biyu ne a bangonsa. Rabin farko Nora ce ta zamaninmu da satar lu'ulu'u da soyayya, rabi na biyu Eve ce bayan shekara 50 da wani abu tana bin sawun sauran lu'ulu'un da suka ɓata. Wasu na ba da shi a matsayin ɗanɗano, a ga hannu biyun a faranti ɗaya. Ni ban cika ba da shi ba, dan Eve ɗin da za ki tarar a ciki ta riga ta yi nisa, za ki ga mutane suna shiga suna fita ba ki san matsayinsu ba.

Da gari ya waye na kira ƙawar tawa na yi mata tambaya ɗaya, in kina kallon shiri mai dogon zango aka ɗaura auren jarumai, kina ci gaba ko kina kashewa? Ta ce ita fa daga an shafa fatiha ta gama, sauran na masu haƙuri ne. Na ce to The Witness, in kin gama ki ɗora da Angels Fall, sannan ki huta wata guda kafin na uku dan kar ki gano ƙirar da wuri. Ƙanwarta da ke jin mu a gefe ta ce ita kuwa gawa take so a shafin farko kuma ba ta son rabuwa da mutane in ta saba da su, na ce ke taki ta yi kyau, Naked in Death, amma ki sani kin ɗauko aikin shekaru. Bayan kwana tara ƙawar ta turo min saƙo ƙarfe biyun dare, ba sallama ba komai, wai in rantse mata ba abun da zai samu karen. Ƙanwar kuma yanzu tana kan na 14, ta daina ɗaga wayata sai in tana da tambaya a kan Summerset.